Malam, Ban Shiga Garken Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Jabbi ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni. Ina tsaye wurin mai shayi a Kalgo, ko kurɓa biyu ban yi ba, sai ga kiran ƙaninsa Sanda. Ko gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Nasiru, Malam ya cika bayan asuba. Sha ɗaya za a kai shi."

Na ce, "Wane Malam?"

Kamar ina da wani Malam ɗin.

Na ajiye kofin, na hau mashin, na kama hanyar Gwandu. Kuma zan faɗa muku abin da nake jin kunyarsa, don yau ba ranar ɓoye-ɓoye ba ce. Bayan salati, abin da ya fara faɗo min a rai ba iyalinsa ba ne, ba marayun da ya bari ba ne. Kwamfutarsa ce. Duk tsawon hanyar nan addu'ata ɗaya, Allah ya sa cikin ruɗewar gidan mutuwa wani bai zare mata wuta ya jona cajin wayarsa ba.

Ku yi haƙuri da ni, rubutun zai yi tsawo. Sai na yi bayani za ku gane yadda mutum zai tafi jana'izar ubangidansa yana tunanin soket.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Jabbi ɗan makiyaya ne, a wata ruga bayan Kambaza aka haife shi. Rayuwarsa ta aiki duk malamin dabbobi ne, akwatin allura a bayan mashin, yau wannan ruga gobe waccan. Bai taɓa zama ajin kwamfuta ba ko na yini ɗaya. Sai da ya yi ritaya, gemu ya yi fari fat, sannan ya ɗauki wata tsohuwar laptop da ɗan yayansa ya gaji da ita, ya koya wa kansa Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, daga littattafan da yake saukewa a waya.

Ni kuwa ina da difloma a kwamfuta, da girman kan da ya fi diflomar nauyi.

Shekara huɗu ke nan da haɗuwarmu. Na je Gwandu buga takardun neman aiki, na gan shi zaune kan benci a ƙofar shagon yana ta ƙwanƙwasa da yatsa biyu. Na leƙa ta kafaɗarsa, ba wanda ya tambaye ni, na ce, "Baba, ai ba haka ake rubuta wannan ba."

Sai ya matsa min a bencin. "To Injiniya, zamna ka gwada min."

Na zauna. Awa biyu cur ban gyara komai ba, abin da ke aiki ma na lalata shi. Ina ta zufa ina ɗora laifi a kan laptop ɗin. Shi kuwa ya aika aka kawo fura da nono, ya tura min kwanon ya ce, "Sha. Kai ba ya aiki da yunwa."

Tun daga ranar sunana ya koma Injiniya. Da farko tsiya ce yake min, na sani. Amma lokacin da na yi shekara biyu ba aiki, kowa a unguwa yana kallona kamar matacciyar fitila, shi kaɗai ne zai tare ni a gaban mutane ya ɗaga murya ya ce Injiniya, har a waiwayo.

Da Innata ta kwanta, bai yi waya ya ce Allah ya sauwaƙe ba. Mashin ya hau da tsufansa ya zo har Kalgo, da gorar nono a ɗaure a baya.

In na yi kuskure a gaban mutane, cewa yake, "Mun yi kuskure." In abu ya yi kyau, "Aikin Injiniya ne."

Yanzu bari in faɗa muku aikin da ya ɗora wa kansa.

Kowa a yankin nan ya san abin da damina ke zuwa da shi. Manomi ya ɗan ƙara kunya biyu cikin burtali, baɗi ya ƙara uku. Makiyayi ya taho da shanu ya tarar hanyar da kakansa ya bi ta zama gero. Daga nan sai sanda da fartanya. Malam ya ba ni labarin ranar da ya ɗinke kan wani mutum da zaren da yake ɗinke shanu, saboda asibiti ya yi nisa kuma jini ba ya jira. Ya ce daga ranar ya ƙudura sai an san inda burtali ya bi, a rubuce, kowa ya gani da idonsa.

Sai ya riƙa bin burtalin da ƙafa, waya a hannu, dattijo ɗaya na manoma a dama, ɗaya na makiyaya a hagu. Ba ya ɗaukar wuri a waya sai bakin su biyun ya zo ɗaya. In sun yi gardama ya nemi inuwa ya zauna, ya ce shi ba sauri yake ba. In sun daidaita ya ɗauki wurin, ya rubuta sunayensu a matsayin shaidu. Rani uku yana wannan. Ya fara da wajen Kambaza, daga baya mutanenmu na Dangoma da Diggi suka ji labari suka ce su ma a zo musu. Na bi shi sau da yawa, takalmina biyu suka mutu a hanyar.

Manhajar da ya rubuta ita ke tattara wuraren nan ta zana taswira a babbar takarda, sunayen wurare da na shaidu da boko da ajami, don yawancin dattawan ajami suke karantawa. Duk shekara kafin shuka ana fitar da sabuwa da gyare-gyaren da aka yi, a shimfiɗa ta a tabarma, Ardo da mutanensa gefe guda, manoma gefe guda, a bi ta da yatsa har kowa ya ce ya yarda.

Zaman bana ranar Asabar ɗin nan ne. Yau Talata.

To ga matsalar. Duk aikin nan a cikin tsohuwar laptop ɗin nan kaɗai yake gudu. Batirinta ya mutu tuntuni, maɓallin kunnawa ma ya bi shi. Ranar da ta mutu ta ƙarshe, mai gyara a Birnin Kebbi ya yi mako yana fama da ita, da ta tashi ya ce, "Baba, in ta sake mutuwa ku yi mata sallah kawai." Tun ranar ba a kashe ta ba. Tana ƙaramin ɗakin da ke jikin zaurensa, jone da batirin sola, ya naɗe soket ɗin da salatef, ya manna takarda da boko da ajami cewa kar a taɓa.

Da aka samu sabuwar laptop, ciwo ya riga ya kwantar da shi. Sai ya ce ni zan mayar da aikin cikinta.

'Yan'uwa da ba harkarku ba ce, ga yadda abin yake a taƙaice. Manhaja ba ta aiki ita kaɗai, tana jingina da kayan aikin da wasu suka rubuta, kowanne da sunansa da lambarsa. In lambar ta canza, halin kayan ma yakan canza. Shi ya sa kowane aiki muke ware masa wurinsa, mu zuba kayansa a ciki, kar su gauraya da na sauran ayyuka. Mu 'yan boko muna ce masa virtual environment. Malam garke yake ce masa, kuma wannan garken ya sa masa suna burtali.

In za ka koma wata kwamfutar, ba garken kake ɗauka ba. Jerin abin da ke ciki kake rubutawa, suna da lamba, sabuwar kwamfutar ta tara irinsu sak. Umarnin da ke fitar da jerin nan gajere ne, pip freeze. Sharaɗi ɗaya ne kawai, sai ka shiga garken tukuna. In ka shiga, za ka ga sunansa a farkon layi a baƙin allon nan da muke rubutu. In ba ka shiga ba, kwamfuta ba za ta ce maka uffan ba. Za ta ba ka jeri mai kyau, amma na kayan da ke watse a waje.

Malam yana da karatunsa a kan wannan, kullum iri ɗaya:

"Mu Fulani ba mu ƙirga shanu. Amma in dole ta sa, ba a mashaya aka yi ba, can na kowa na nan. Shiga garke. Diba sunan. Tambayi wane Python ka amsa ma. Sannan ka ƙirga."

Na ji wannan magana har na gaji. In ya fara nakan ƙarasa masa da muryarsa, ya yi dariya ya ce, "Ja'iri."

Ranar Alhamis, mako uku da suka wuce, na je yin aikin. Sauri nake. Kuma kar ku zaci wani babban uzuri ne, ƙwallo za a buga ƙarfe huɗu, ina so in iske ta a Kalgo. Na shiga ɗakin, na ga allon da Malam ke aiki da shi cike da rubutu, na ce kar in dagula masa, na buɗe sabo, na manta sabon allo a wajen garke yake farawa. Na rubuta pip freeze. Jeri ya zubo, layi fiye da ɗari biyu. Har daɗi na ji, na ce kai, tsohon nan ya tara kaya. Na ajiye kwafi a kwamfutar, na sa ɗaya a filashi, na kwashe sauran fayilolin aikin, na fito. Farkon layi kuwa ko kallonsa ban yi ba.

Na shiga ciki in yi masa sallama. Yana kwance a katifa, rediyo a gefen kansa, ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

Ya ce, "Injiniya, an gama?"

Na ce, "An gama, Malam."

Ya ce, "Ka shiga garke kahin ka ƙirga?"

Wallahi a daidai lokacin na san ban duba ba. Taku goma ne tsakanina da ɗakin. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Haba Malam, ni ne fa. Na shiga."

Ya ɗan jima yana kallona. Sannan ya yi murmushi ya ce, "To madalla." Ya ce in bai samu ƙarfin zuwa zaman bana ba, ni zan kai wa Ardo taswira, don ya yi musu alkawari. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro dabino a leda ya ce in kai wa ɗiyata. Ya ce, "Gai da Innarka."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Na bar shi na tafi kallon ƙwallo, kuma yau ko ku kashe ni ba zan tuna wa ya ci ba.

Washegari a Kalgo na ba sabuwar laptop jerin. Ta yini tana jan data, wasu suka shiga, wasu suka ƙi. Da na tayar da manhajar ta ce ba ta ga kaza ba. Na duba jerina, babu shi. Babu na zana taswira, babu na ajami. Kayan gwaje-gwajen da Malam ya yi ta sakawa tun yana koyo ne na kwaso, tarkacen shekaru. A mashaya na tsaya na yi ƙirga.

Gyaran minti goma ne. In hau mashin in je Gwandu, in shiga garken, in sake. Amma sai na bi ta zaure, sai na gaishe shi, sai ya tambaye ni me ya dawo da ni. Sai na buɗe baki na ce wa mutumin da ke kwance, wanda ya tambaye ni ido cikin ido, ƙarya na yi maka.

Sai na ce ai ni Injiniya ne, zan canka.

Na riƙa saka kayan ɗaya bayan ɗaya. Manhajar ta ce babu wannan, in nemo in saka. Ta ce babu wancan, in saka. Lamba kuwa ban sani ba, duk wadda ta zo ita ce. Kwana tara ina wannan, abinci ma a gaban allo nake ci. Ranar da ta tashi har tsalle na yi.

Sai taswirar ta fito.

Ajamin ya wargaje, kowane baƙi zaman kansa yake, kuma daga hagu ya faro. Wannan ko yaron allo ya gani zai yi dariya. Amma ba shi ya tayar min da hankali ba. Burtalin ne ya gusa. Akwai wata tsamiya bayan Kambaza, ina wurin da ƙafata ranar da Baba Noma da wani dattijon ruga suka yi awa uku suna gardama kafin su yarda hanya ta bi ta arewa da ita. A taswirata ta bi ta kudu, ta ratsa tsakiyar gonar Baba Noma.

In wannan ya gusa, ina da ina kuma suka gusa? Ban sani ba. Wuraren da na taka da ƙafata kaɗai zan iya ganewa.

In na kai wannan takarda zaman Asabar, wuƙa na kai. In ban kai komai ba, alkawarin Malam ya tashi, kuma wanda ke neman dalilin ƙara kunya biyu ya samu. In na koma Gwandu, sai na faɗi gaskiya. Gaba kura, baya sayaki.

Na ci gaba da canza lambobi kamar mai caca. In ajami ya gyaru, taswira ta ƙi fitowa gaba ɗaya. In ta fito, layin ya koma wani wurin. Kullum da safe in ce gobe zan je. Wata rana har na kama hanya, na yi nisa, na tsaya shan mai, daga gidan man na juya kan mashin na dawo.

Maiɗakina ta gaji da ganina haka ta ce, "Kai kam ka je ka faɗa masa mana. Dukanka zai yi?"

Na ce, "Da duka ne ai da tuni na je." Na daka mata tsawa ta bar min ɗakin, ita da ba ta yi min komai ba.

Mako uku ban je duba Malam ba. Mutumin da ya hau mashin ya zo duba Innata. Ku riƙe wannan, don ni ba zan iya ajiye shi ba.

Sau biyu ya kira ni. Na farko na ce aiki ne ya yi yawa, komai na tafiya daidai. Na biyu ranar Juma'ar nan ne bayan masallaci, muryarsa can ƙasa, sai na toshe ɗaya kunnen nake ji.

Ya ce, "Injiniya, ka ɓace."

Na ce, "Ina nan tafe, Malam."

Ya ce, "Duk sadda kas samu sarari ka biyo. Ɗakin kwamfuta buɗe shike. Ba sai ka tashe ni ba, ni yanzu kwana nika yi da yawa."

Na ce to. Na zaci maganar mara lafiya ce kawai. Sai yau na gane ƙofa ya buɗe min, in zo in gyara in tafi ba tare da mun haɗa ido ba. Ni kuma jakin, ban gani ba.

An kai shi sha ɗaya da 'yan mintuna. Manoma da makiyaya suka riƙa karɓar makarar hannu da hannu, har Baba Noma da ƙafarsa mai ciwo sai da ya sa kafaɗa. Da aka gama, muna fitowa daga maƙabarta, Ardo ya kamo hannuna da hannayensa biyu.

Ya ce, "Injiniya, Asabar tana nan ko? Malam ya ce komi na hannunka."

Na ce, "In sha Allahu." 

Bayan azahar, mutane sun ɗan ragu a ƙofar gida, Sanda ya ja ni gefe. Ya ce, "Akwai saƙonka. Shekaranjiya Malam ya matsa sai na kama shi na kai shi ɗakin kwamfuta. Na ce ya bari, ya ƙi. Ya daɗe a zaune yana dannawa da yatsa guda, yana hutawa. Da munka hito ya ce kar kowa ya taɓa sai Injiniya ya zo. Ya ce in ce ma, kai dai ka danna."

Na shiga.

Salatef ɗin na nan a soket. Fankar laptop ɗin na ta kukanta da ta saba. Tabarausa na kan tebur, a buɗe, kamar yanzu zai dawo. Na taɓa, allo ya yi haske.

A gefe guda jerina ne a buɗe, dogon nan mai layi ɗari biyu da wani abu. Ashe ya gani. Wataƙila tun ranar, wataƙila tun kafin in kai bakin titi.

A ɗaya gefen baƙin allo ne, an share shi tas, layi ɗaya kawai. A farkonsa ga sunan garken, burtali. Ya shiga. Sannan ya rubuta python -m pip freeze, yadda ya fi so a rubuta don a tabbata Python ɗin garken ne ke amsawa. Sannan alamar zubawa a fayil, da sunan da ya ba fayil ɗin: injiniya_sake_kirga.

Bai danna ba. Ɗan layin nan na ƙarshe yana ta ƙyaftawa, kwana biyu yana jirana.

Jama'a, yatsa ɗaya ne. Wanda ya iya rubuta duk wannan da ciwo a jikinsa, danna Enter ba zai gagare shi ba. Da ya so, da ya danna, ya ba Sanda filashi ya ce a kai wa Nasiru, nasa ba daidai ba ne. Bai yi ba. Bai faɗa wa Sanda ba, bai faɗa wa Ardo ba. Ya bar min ne yadda in an tambaye ni wa ya fitar da jerin, in ce ni ne, kuma ban yi ƙarya ba.

Na zauna a kujerarsa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Kuma na kasa dannawa. Shi ne abu na ƙarshe da ya rubuta a duniya, in na danna ya zama tsohon layi, sabo ya fito a ƙasansa. Na fi awa ina kallonsa. Hadari ya taso daga gabas, rana ta rufe, batirin sola da yau ba wanda ya kula da shi ya fara ƙara, ƙit, ƙit. Sanda ya leƙo ya ce, "Nasiru, wanga kuka fa? Ba lahiya ba ko?"

Ba lafiya ba. In batirin nan ya ɗauke, laptop ta mutu, garken ya tafi da ita.

Na ɗauki hoton allon da wayata. Na yi bisimilla. Na danna.

Ko ƙyaftawar ido ba a yi ba. Na buɗe fayil ɗin, layi ashirin da bakwai. Shi ke nan. Abin da na yi mako uku ina canka, ina hana kaina barci, ina yi wa matata tsawa, ina gudun mara lafiya saboda shi, layi ashirin da bakwai ne. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya da lambobinsu yadda yake yi. Waɗanda na canka daidai ba su fi uku ba.

Sabuwar laptop tana jakata, don mako ukun nan ko banɗaki kamar in shiga da ita. Na kafa sabon garke. Na shiga. Na duba sunan. Na tambayi wane Python ke amsa min. Sannan na ba ta jerin Malam. Sanda ya ɗora wayarsa a taga don nan kaɗai network ke kamawa, ta fara jawo kayan a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Ina zaune ina jira ne na fara wannan rubutun, don in ban yi wani abu da hannuna ba zan haukace.

Ta gama tun ina wajen labarin tsamiya. Sai da na yi ta maza kafin na tayar da manhajar.

Taswira ta fito. Ajami a haɗe, daga dama, tsaf kamar rubutun hannunsa. Na nemo tsamiyar. Burtali ya bi ta arewa, gonar Baba Noma ba abin da ya taɓa ta. Na duba wasu wurare shida da na taka da ƙafata, kowanne yana inda muka bar shi. Sanda ya duƙa yana karanta sunayen shaidu a bayyane, har da na wani da ya rasu bara.

Can ya nuna tsohuwar ya ce, "To yanzu a kashe ta?"

Na ce, "Bar ta. Ni dai ba da hannuna ba."

Tana nan tana kuka a gefena, batirin na ƙara, ruwa ya fara sauka a kan kwano.

Masu harkarmu da ke bibiyata, na san akwai masu dariyar kuskuren nan, na yara ne. Ku yi, na cancanta. Amma gobe in za ku fitar da jeri, ku dubi farkon layi tukuna. In kuma an tambaye ku kun duba, ba ku duba ba, ku ce ba ku duba ba.

Malam, ka yi min tambaya ranar Alhamis ɗin nan, ban ba ka amsar gaskiya ba. Ga ta yau a gaban kowa, tunda na bari har ba ka nan.

Ban shiga garken ba, Malam. Ƙarya na yi maka. Ka sani, kuma ka ci gaba da ce min Injiniya.

Ya Allah, bawanka Jabbi ya zo gare ka. Ya rufa min asiri ina mai laifi, ka rufa masa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Yadda ya bi rana da ƙafa don kar maƙwabci ya zubar da jinin maƙwabci, ka sanyaya masa makwanci, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa Aljannar Firdausi ce gidansa. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka tsaya wa marayunsa.

Duk wanda ya karanta har ya kawo nan, don Allah kar ka wuce da danna alama kawai. Tsaya ka ambaci sunansa, Malam Jabbi, ka roƙa masa gafara da bakinka.

Ni ma ku sa ni a ciki. Ranar Asabar zan shimfiɗa taswirar a tabarma, in tsuguna a inda ya saba tsugunawa, kuma Ardo zai ce min Injiniya.